In Kunne Ya Ji: Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Shugabannin Gidajen Rediyo, Talabijin Da Jaridu

Assalamu alaikum.

Ranku ya daɗe, masu gidajen rediyo da talabijin, editocin jaridu, shugabannin ɗakunan labarai, da ku masu tafiyar da shafukan labarai na intanet. Bayan gaisuwa da fatan kuna lafiya, ku da ma'aikatanku, ina neman aron kunnuwanku a kan wata magana da ta daɗe tana sosa mini rai.

Ni ba ɗan jarida ba ne. Aikin sa-kai na agajin gaggawa na yi shekaru ina yi, ina cikin waɗanda ke isowa bayan ruwa ya ci gari ko gobara ta lashe unguwa, mu ɗauki wanda za a iya ɗauka, mu rubuta sunayen waɗanda ba a gani ba. A wannan aiki na gane cewa kafin mu saka rigar aiki, an riga an yanke wa mutane da yawa hukuncin tsira ko halaka, kuma kuna da hannu a wannan hukunci. Na san magana ce mai nauyi. Ku yi haƙuri ku ji dalilina.

Ranar 13 ga Nuwamba, 1985, da misalin ƙarfe uku na rana, toka ta fara zuba a kan Armero, garin manoma a ƙasar Kolombiya mai mutum kusan 29,000. Dutsen Nevado del Ruiz ne ya fara motsi. Masana sun san haɗarin tun da wuri. Kan dutsen lulluɓe yake da ƙanƙara, idan ya yi aman wuta ƙanƙarar za ta narke, ta cuɗe da toka da duwatsu ta zama laka mai gudu, ta gangaro ta kwarin kogi, Armero kuwa a bakin kwarin take zaune. Tun watan Oktoba suka zana taswirar da ta nuna haka. Wata jarida ta Bogota, babban birnin ƙasar, ta buga taswirar cike da kurakurai, har launin da aka shafa wa Armero ya sa mai karatu ya ɗauka wurin aminci ne. Mako guda kafin ranar kuma 'yan tawaye suka mamaye ginin kotun ƙoli a Bogota, hankalin 'yan jarida kakaf ya koma can. A yammacin ranar da abin zai faru, saƙon da mutanen Armero suka ji daga rediyon garin da lasifikar coci shi ne su kwantar da hankalinsu, su zauna a gida. Dutsen ya fashe jim kaɗan bayan ƙarfe tara na dare. Lakar ba ta iso garin ba sai wajen sha ɗaya da rabi. Kusan sa'a biyu da rabi ke nan, ga tudu nan kusa, tafiyar ƙafa. Sama da mutum 20,000 suka mutu a garin a daren nan.

Gari na wayewa sai ga 'yan jarida daga ko'ina. Suka tarar da wata yarinya 'yar shekara 13, Omayra Sánchez, ruwa ya kai mata wuya, ɓaraguzan gidansu sun danne mata ƙafafu. Kwana uku tana wurin, ana hira da ita, ana ɗaukar hotonta, duniya na kallo, har rai ya yi halinsa. Ba na ɗora wa masu hoton laifi, domin ba don su ba da duniya ba ta san girman sakacin da aka yi ba. Abin da nake so ku auna shi ne, sana'ar da ta kai fuskar yarinyar nan kowane lungu na duniya cikin kwana biyu, ita ce ta kasa kai wa gidansu "ku fita ku hau tudu" cikin sa'a biyu da rabi.

Ga ɗaya fuskar kuma. Ranar 26 ga Disamba, 2004, girgizar ƙasa a kusa da tsibirin Sumatra ta tayar da igiyar ruwa ta tsunami wadda ta kashe mutum kusan 230,000 a ƙasashe 14. A lokacin babu tsarin gargaɗi a Tekun Indiya. Igiyar ta yi kimanin sa'a biyu kafin ta kai Sri Lanka, ba wanda ya sanar da mutanen bakin teku. Ta yi kimanin sa'a bakwai kafin ta kai gaɓar gabashin Afirka. A Somaliya, inda babu mai faɗa wa jama'a, mutum kusan 300 suka rasu. A Kenya labarin ya riga ruwan isowa, an ga abin da ya faru a Asiya ta kafafen labarai, aka kori jama'a daga bakin teku, mutum ɗaya aka rasa. Yanayin gaɓar ƙasashen biyu ya bambanta, na sani, amma wanda ya bar bakin ruwa ai ruwa bai ci shi ba.

Ilimin hango bala'i ya yi nisa ƙwarai. Hukumar Kula da Yanayi ta Duniya ta lissafa cewa daga 1970 zuwa 2019 yawan bala'o'in da suka shafi yanayi da ruwa ya ninka sau biyar, amma mace-macen da suke jawowa sun ragu kusan ninki uku, kuma gargaɗin wuri ne babban dalili. A 2022 Babban Sakataren Majalisar Ɗinkin Duniya, António Guterres, ya sa burin a ce zuwa ƙarshen 2027 kowane ɗan Adam yana ƙarƙashin tsarin gargaɗi. Tauraron ɗan Adam yana ganin guguwa kwanaki kafin ta iso. Na'urar auna kogi tana faɗin tsawon ruwa kowace sa'a. Inda igiyar gargaɗin ke tsinkewa shi ne zangon ƙarshe, tsakanin teburin masanin da ya sani da kunnen tsohuwar da ke kwance a ɗaki kusa da kogi. Wannan zangon naku ne.

Bari in fara da lafazin sanarwa, domin a nan na fi ganin ɓarna. Ga irin abin da muka saba ji: "Hukumar ta yi hasashen samun mamakon ruwan sama da ka iya haddasa ambaliya a wasu sassa, don haka ana shawartar jama'a da su ɗauki matakan da suka dace." An karanta, an sauke nauyi, an wuce labarin wasanni. To waɗanne sassa? Waɗanne matakai? Yau ko jibi? Mai sauraro bai ji sunan unguwarsa ba, saboda haka da wasu ake. Kwatanta da wannan: "Masu zama tsakanin kogi da babbar hanya, ruwa zai shiga gidajenku kafin asuba. Ku fita yanzu. Makarantar da ke kan tudu a buɗe take. Kada ku bi ta kan gada. Ku ɗauki magungunanku da takardunku, ku bar sauran. Ku buga wa maƙwabcinku ƙofa kafin ku wuce."  Ta farko takardar hukuma ce aka karanto kamar yadda ta zo. Ta biyu kuwa sai da wani edita ya zauna ya kira hukumar ya yi ta tambaya har ya samu amsa, sannan ya juya ta zuwa maganar mutane.

Wani masanin halayyar jama'a a Amurka, marigayi Dennis Mileti, ya shafe shekaru yana nazarin abin da mutane ke yi idan an gargaɗe su. Abin da ya gano duk wanda ya yi aikin agaji ya gan shi da idonsa. Mutum ba ya zabura ya gudu da jin gargaɗin farko. Sai ya leƙa waje ya dubi sama, ya kira ɗan'uwansa, ya tambayi maƙwabci, ya murɗa wata tasha ya ji ko su ma sun faɗa. Idan ya tarar tasha ta biyu tana sakin kiɗa, ta uku tana tallan sabulu, sai ya ce ashe abin bai kai haka ba, ya koma shimfiɗarsa. Ku lura da wannan da kyau, ranku ya daɗe. Tashar da ta yi shiru ba a gefe ta tsaya ba, ta rushe aikin wadda ta yi magana ne. Shi ya sa a ranar bala'i gasar wa ya riga wa ba ta da amfani. Abin da ke tayar da mutum daga gida shi ne ya ji magana guda, da lafazi guda, daga bakuna da yawa, ana ta maimaitawa.

Ko alƙaluma na gaskiya suna iya yin kisa idan ba a san yadda kunne zai karɓe su ba. Ranar 11 ga Maris, 2011, girgizar ƙasa ta afka wa arewa maso gabashin Japan da ƙarfe 2:46 na rana. Cikin minti uku hukumar yanayi ta fitar da gargaɗin tsunami, tashoshi suka katse shirye-shirye, babu ƙasar da za ta fi haka sauri. Amma ƙiyasin farko ya ce mita 6 a lardin Miyagi, mita 3 a Iwate da Fukushima. Garuruwa da dama suna da katangun teku da suka fi haka tsawo, sai wasu suka ce katanga za ta tare. Daga baya aka ɗaga ƙiyasin ya wuce mita 10, amma wutar lantarki ta riga ta ɗauke, talabijin ya mutu, da yawa ba su ji gyaran ba. Sama da mutum 18,000 suka mutu ko suka ɓace. Abin da ya burge ni shi ne yadda suka zauna suka tuhumi kansu. Daga 2013, idan girgizar ta yi girman da ba a iya auna ta nan take, hukumar ba ta faɗin mita a gargaɗin farko, sai ta ce igiya ce gagaruma. Tashar NHK ta Japan, wadda aka san masu karanta labaranta da sanyin murya, ta horar da su su ɗaga murya su ba da umarni. Ranar 1 ga Janairu, 2024, da girgizar ƙasa ta afka wa yankin Noto, mai gabatarwa ta riƙa yi wa masu kallo tsawa su gudu yanzu, kada su tsaya kallon talabijin. Tasha ce ke korar masu kallonta daga gaban akwatin don su rayu. Ina so in ga ranar da kowannenku zai yarda ma'aikacinsa ya yi haka ba tare da ya ji tsoron takardar tuhuma ba.

Sai maganar dare. Bala'i ba ya duba jadawalin aiki, kuma mafi yawan tashoshi da dare kwamfuta ce ke juya shirye-shiryen da aka naɗa, ko matashi guda da aka bari ya tsare na'ura, ba shi da ikon taɓa komai. A daren 14 ga Yuli, 2021, ruwa ya ci yammacin Jamus, ƙasa mai arziki da kayan aiki. An yi hasashen ruwan kwanaki kafin nan. Sama da mutum 180 suka mutu, fiye da 130 a kwarin kogin Ahr kaɗai, cikinsu har da naƙasassu 12 a wani gidan kula da su a garin Sinzig. Manyan tashoshi sun sha suka saboda sun ci gaba da shirye-shiryen dare kamar ba abin da ke faruwa. Wata ƙaramar tasha kuwa, Radio Wuppertal, ma'aikatanta suka koma ofis suka kwana suna magana kai-tsaye, suna faɗa wa mutanen garinsu halin da kogi yake ciki, har wutar ajiyarsu ta ƙare. A Balensiya ta ƙasar Sifaniya, ranar 29 ga Oktoba, 2024, hukumar yanayi ta ɗaga jan gargaɗi, wato mafi tsanani, tun da safe, amma saƙon gaggawa na gwamnatin yankin bai shiga wayoyin jama'a ba sai bayan ƙarfe takwas na dare, lokacin da mutane ke maƙale a motoci da kan rufin gidaje. An rasa sama da mutum 220. Idan masana sun ɗaga jan gargaɗi, me kuke jira? Ba sai wani mai muƙami ya kira taron manema labarai ba kafin ku ce wa mutane kada su shiga mota, kada su sauka ƙarƙashin bene.

Ku bar ni in faɗa muku abin da na gani da idona. Wata shekara bayan ambaliya, muna aiki a makarantar da aka mayar sansani. Babu wuta, turakun sadarwa sun faɗi, wayoyi sun zama duwatsu a aljihu. Wani dattijo ya tsira da ƙaramin rediyonsa mai batir, ya ɗaure shi da roba don murfin baya ya karye. Duk ƙarshen sa'a sai mutane su kewaye shi, a yi tsit, har yara su daina kuka. Tashar da muke kamawa, ba zan ambaci sunanta ba, sai ta faɗi adadin waɗanda suka mutu, ta karanta saƙon jajen manya ɗaya bayan ɗaya, ta koma shirin gaishe-gaishe. Wata mata ta riƙe mini hannun riga ta ce, "Malam, ba za su karanta sunayen waɗanda ke ɗaya sansanin ba?" Ɗanta take nema, an ɗauke shi a kwalekwale daban. Jerin sunayen yana nan a rubuce, a littafin wani abokin aikina, a can ƙetaren ruwa. Da wakili guda ya je ya kwafo an karanta, da ta yi barci a daren nan. Kwana uku ta yi ba ta sani ba ko yana raye. Yana raye.

Tun daga ranar na fahimci cewa labarin bala'i iri biyu ne. Akwai wanda ake ba mutanen nesa, su ji, su tausaya, su ba da gudummawa. Akwai kuma wanda ake ba waɗanda abin ya shafa: wace hanya ce a buɗe, wane asibiti ne ke aiki, ina ake samun ruwan sha mai tsabta, wace rijiya ce ta gurɓace, wa aka gani a ina, yaushe za a dawo da wuta. Kun ƙware a na farko. Na biyun ne ke riƙe rai, kuma shi ne kuke yawan mantawa domin ba ya cika kanun labarai. Bayan girgizar ƙasar Haiti ta 12 ga Janairu, 2010, tashar Signal FM a birnin Port-au-Prince ba ta sauka daga iska ba, mutane suka riƙa yin layi a ƙofarta da 'yan takardu a hannu, a karanta cewa wane yana raye, wance tana ƙarƙashin gini a titi kaza. A birnin New Orleans na Amurka bayan guguwar Katrina a 2005, kamfanonin rediyo masu gaba da juna suka haɗa ma'aikata da na'urori suka riƙa watsa shiri guda. A garin Ishinomaki na Japan, da ruwan tsunamin 2011 ya lalata injin buga wata ƙaramar jarida, ma'aikatanta suka ɗauki alƙalami da manyan takardu suka rubuta jaridar da hannu kwana shida, suna liƙawa a bangon sansanoni.

Duk wannan kuwa sai tashar ta rayu. Ina janaretanku yake ajiye, a ƙasa inda ruwa zai fara kaiwa ko a sama? Man da ke ciki na kwana nawa ne? Idan turakun waya suka faɗi, ta ina wakilinku zai aiko rahoto? Ba a fafe gora ranar tafiya.

Harshe ma haka. Sanarwar da aka yi da harshen ofis, wanda rabin masu zama a bakin kogi ba sa ji, ba ta isa ba. Kurma ba ya jin jiniya, makaho ba ya karanta rubutun da ke gudu a ƙasan allo, baƙon da ya zo ci-rani bai san sunan unguwannin da ake lissafawa ba. Ku nemi masu fassara tun yanzu, ku naɗi saƙonnin ku ajiye.

Yanzu jita-jita. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma babu tsagar da ta kai shirun masu sani. A watan Agusta na 2014, da cutar Ebola ta ɓulla a Najeriya, saƙo ya bazu ta wayoyi cikin dare cewa a sha ruwan gishiri a yi wanka da shi. Kafin a ƙaryata, mutane sun mutu, wasu sun kwanta asibiti, a garuruwan da cutar ba ta ma je ba. A watan Satumba na shekarar, a ƙauyen Womey na ƙasar Gini, aka kashe mutum takwas na tawagar wayar da kai, har da 'yan jarida, saboda an cusa wa mutane cewa su ne ke kawo cutar. Annobar ta ci sama da mutum 11,000 a Afirka ta Yamma, kuma ba ta fara lafawa ba sai da aka koma magana da mutane ta bakin waɗanda suka yarda da su, a rediyon yankinsu, da harshensu, ana amsa tambayoyinsu ba tare da raini ba.

Amma ku ma kuna haifar da jita-jita, kuma taku ta fi ta kan titi illa domin tana zuwa da hatimi. Lokacin Katrina manyan kafafe sun yayata labaran kashe-kashe da fyaɗe a filin wasan Superdome inda mutane suka fake, daga baya bincike ya nuna an zuzuta mafi yawansu. Kafin gaskiya ta fito, tsoro ya riga ya rage wa masu ceto sauri, an riƙa kallon waɗanda bala'i ya rutsa da su kamar masu laifi. Akwai kuma tsohuwar maganar da ke dawowa bayan kowace girgizar ƙasa, wai gawarwaki za su haddasa annoba. Hukumar Lafiya ta Duniya da ƙungiyar Red Cross sun sha bayyana cewa gawar wanda gini ya danne ko ruwa ya ci ba ta cika jawo annoba ba. Duk da haka sai a buga, hukumomi su firgita, a haƙa rami a zuba mutane ba a tantance su ba, iyalai su ƙare rayuwarsu ba su san kabarin nasu ba. A yau kuma ga hotunan tsohuwar ambaliya daga wata ƙasa, ga waɗanda kwamfuta ta ƙirƙira, suna yawo a Facebook da WhatsApp. Kafin ku ɗora, ku kira wanda ke wurin. Idan kun yi kuskure, ku gyara da ƙarfin muryar da kuka yi kuskuren, kuma nan take. A jihar Hawaii ta Amurka ranar 13 ga Janairu, 2018, an aika saƙon ƙarya cewa makami mai linzami na tafe, aka yi minti 38 kafin saƙon gyara ya shiga wayoyi, iyaye suna ta bankwana da 'ya'yansu.

Game da hukumomi ba zan tsawaita ba, kun fi ni sanin halinsu. Tashar nukiliya ta Chernobyl, a tsohuwar Tarayyar Sobiyet, ta fashe ranar 26 ga Afrilu, 1986. Ba a kwashe mutanen garin Pripyat da ke daf da tashar ba sai bayan kimanin sa'a 36, kuma Tarayyar Sobiyet ba ta ce uffan ba sai ranar 28, bayan na'urori a Suwidin sun shinshino gubar. A Turkiyya, kwana biyu bayan girgizar ƙasar 6 ga Fabrairu, 2023, aka taƙaita shiga Twitter na sa'o'i, alhali waɗanda ke ƙarƙashin gine-gine da shi suke aiko da adireshinsu. Ku yi aiki da hukumar agaji hannu da hannu wajen isar da gargaɗi, ku san lambar jami'in da ke ɗaga waya da tsakar dare, shi ma ya san taku. Amma idan suka ce a ɓoye don kada a tayar da hankali, ku ƙi. Mutane ba sa haukacewa don an faɗa musu gaskiya. A girgizar ƙasar birnin Kobe na Japan ta 1995, mafi yawan waɗanda aka zaƙulo da rai maƙwabta da dangi ne suka tono su. Jama'a su ne rundunar ceto ta farko, kuma runduna ba ta aiki a cikin duhu.

Idan kun iso wurin da abin ya faru, ku tuna gidan makoki kuka shigo. Uwar da aka fito da gawar ɗanta ba ta da amsar "yaya kike ji". A Nepal bayan girgizar ƙasar 2015, mutane sun fusata da wasu tashoshin waje har suka yi ta kira a intanet su koma gida. A Kobe an koka cewa ƙarar jiragen 'yan jarida masu saukar ungulu tana hana masu ceto jin muryar waɗanda ke ƙarƙashin gini. Sannan kada ku tattara ku tafi ranar da gawa ta ƙare. Ku dawo bayan wata shida ku tambayi inda kuɗin tallafi ya shiga, wa ya ba da izinin gini a kan hanyar ruwa, me ya sa madatsar da aka ce ta tsage ba a gyara ta ba. Masanin tattalin arziki Amartya Sen ya nuna cewa babbar yunwa ba ta taɓa afka wa ƙasar da ke da zaɓe na gaskiya da 'yancin jarida ba, domin mai mulkin da ya san za a tambaye shi ba ya barin abu ya kai can.

Aikin da ya fi kowanne ceton rai shi ne wanda ake yi lokacin da babu abin da ke faruwa. Tsibirin Simeulue na Indonesiya yana daf da inda girgizar 2004 ta tashi. Mutanensa a lokacin kusan 78,000 ne, amma bakwai kacal igiyar ta kashe. Tun bayan tsunamin 1907 kakanni suke faɗa wa jikoki cewa idan ƙasa ta girgiza teku ya ja baya, a bar komai a hau dutse. Suna kiran abin smong. Shekara 97 ana maimaita magana guda, ranar da ta zo ba wanda ya tsaya tambaya. Bangladesh ta rasa aƙalla mutum 300,000 a guguwar 1970, lokacin tana Gabashin Pakistan, ta rasa kusan 138,000 a ta 1991. Ta gina matsugunai, ta horar da 'yan sa-kai sama da 70,000 masu yawo da lasifika da tutoci, rediyo kuma ya yi ta koya wa mutane ma'anar kowace lambar gargaɗi. Da guguwar Amphan ta zo a 2020, an kwashe sama da mutum miliyan biyu, waɗanda suka rasu a ƙasar ba su kai 30 ba. Abin da kakannin Simeulue suka yi da baki, ku kuna da na'urar yin sa ga miliyoyi.

Na san za ku ce kuɗi. Irin wannan shiri ba shi da mai ɗaukar nauyi, katse talla asara ce, albashi kuma na jira. Ban raina wannan ba. Amma minti biyar a mako ba zai durƙusar da tasha ba, kuma ina roƙonku da babbar murya, kada a sake jin an ajiye sanarwar gargaɗi a teburin sashen talla ana jiran a biya kuɗinta. Iskar da kuke watsa shiri a kanta ta jama'a ce, amana aka ba ku.

Buƙatata ta ƙarshe ƙarama ce, kuma kuna iya yin ta cikin makon nan. Ku shiga tasharku da ƙarfe biyu na dare ba tare da sanarwa ba. Ku tambayi wanda kuka tarar a bakin aiki: idan gargaɗi ya shigo yanzu, wa za ka kira ka tabbatar, kana da ikon katse shirin nan ba tare da ka tashe ni ba, kuma me za ka karanta? Idan ya yi shiru, ku zauna tare da shi ku rubuta amsoshin a takarda guda, da lambobin waya, da izinin katse shiri ɗauke da sa hannunku, ku liƙa a bango kusa da makirufo.

Allah Ya tsare mu da ku, Ya jiƙan waɗanda aka rasa.

Wassalam.

Naku,
Wani ma'aikacin sa-kai na agajin gaggawa